Babi na Biyar: Fuskar da Ake Ara wa Maƙiyi

Duk wanda ya san ƙasar Kornaka, wadda ke kudancin Dakwaro cikin jihar Maraɗi, ya kuma san garuruwanta irin su Sabon Mashi da Ɗan Gulbi da Mai Yara, ba ya bukatar a gaya masa cewa jaridun da ake bugawa a Yamai ba su isa can, in ma ɗaya ta isa cikin jakar wani ma'aikaci, to, da Faransanci aka rubuta ta, harshen da galibin manoman gero da wake da gyaɗa na wannan yanki ba su karanta shi. Saboda haka shekaru talatin da suka wuce, da wani ya ce zai rubuta babi guda a kan zanen barkwanci na siyasa, ya kuma ce mutanen Mai Yara yake nufi da shi, da an ce ya rasa abin yi. Yau kuwa al'amarin ya sake, domin inda motar jarida ba ta kai ba salula ta kai. Zanen da aka yi a Abuja ko Bamako ko Paris, ko a wani ɗaki da ba wanda ya san inda yake, yakan sauka cikin WhatsApp ɗin saurayin da ya dawo daga cin rani, ya bi hannu zuwa hannu a rumfar mai cajin waya ranar kasuwa, kafin la'asar dattijon da bai taɓa riƙe jarida ba ya gan shi ya girgiza kai. Sau da yawa kuma yakan iso an yanke sunan mai shi, an yanke ranar da aka yi shi, rubutun da ke ƙarƙashinsa kuma ba mai iya karantawa, sai surar kaɗai ta rage tana aikinta.

Dalilin da ya sa wannan ya cancanci a tsaya a kansa shi ne, sura tana da wata hanya ta shiga zuciya wadda magana ba ta da ita. Mai wa'azi ko ɗan siyasa, kome fasaharsa, tilas ya jera kalmominsa ɗaya bayan ɗaya, ya kawo da'awa sa'an nan ya kawo hujja, a tsakanin da'awar da hujjar kuma mai sauraro yana da sararin da zai ce a ransa, a'a, wannan ban yarda ba. Zane kuwa gaba ɗaya yake faɗa wa ido, da da'awarsa da hukuncinsa a dunƙule, har mutum ya yi dariya ko ransa ya ɓaci tun hankalinsa bai gama tambayar abin da ya gani ba. Wanda ya riga ya yi dariya kuwa ya riga ya ba da rabin yardarsa, janye ta kuma yana da wuya. In batun zanen tsadar taki ne ko rigimar 'yan majalisa, ɓarnar kuskurensa kaɗan ce. Amma in batunsa ta'addanci ne da tsaron ƙasa, inda tsoro ya riga ya cika zukata, jama'a kuma suna neman wanda za su ɗora wa alhakin abin da ya hana su barci, to, karkacewar alƙalami tana iya zama sanadin zubar jini.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan fanni baƙo ne gare mu ɗungum. Makaɗan fada sun daɗe suna yi wa abokin gabar ubangidansu zambo, su kama siffa guda ta jikinsa ko ta halinsa, tsawon wuya ko rowa ko ragwanci, su kumbura ta har ta rufe sauran mutumin. Yara masu tashe cikin azumi suna manna gemun auduga su kwaikwayi dattijo. 'Yan wasan kwaikwayo na Damagaram, su Yazi Dogo, sun shekara da shekaru suna nuna wa ma'aikacin gwamnati halinsa a gaban jama'a. Malaman balaga kuma tun ƙarnukan baya suka ba kowace dabara sunanta, da tashbihi da isti'ara da kinaya da mubalaga da ijazi, watau taƙaita magana mai yawa cikin lafazi kaɗan. Waɗannan kayan aiki ne mai zanen jarida ya ɗauka, sai dai ya mayar da su layi da inuwa. Abin da ya raba shi da makaɗi shi ne, makaɗi an san shi, an san ubangidansa, an san dokin da aka ba shi, saboda haka mai jin zambon yana rage masa abin da ya kamata a rage. Amma batun hukuncin zana surar mai rai, wanda malamai suka yi saɓani a kansa, na bar shi ga ma'abutansa, domin da mai haramtawa da mai halattawa duka surorin nan suna cikin wayoyin 'ya'yansu, kuma wajibi ne su san yadda suke aiki.

To, babbar matsalar mai zanen ta'addanci ita ce, abin da yake son zanawa ba shi da fuska. Mutanen ƙasar Dakwaro sun san haka da idonsu. A daren Lahadi 14 ga Oktoba 2012 wasu 'yan bindiga suka shigo garin Dakwaro cikin motoci, suka kwashe ma'aikatan agaji shida na ƙungiyar BEFEN ta Nijar da ta Alerte Santé ta Cadi, mutanen da aikinsu shi ne jinyar yara masu tamowa, suka yi arewa da su zuwa ƙasar Mali, wadda a lokacin arewacinta ke hannun masu ɗauke da makamai. Ɗaya daga cikinsu, ɗan ƙasar Cadi, ya rasu saboda raunin harbin da ya samu, sauran biyar aka sako su a farkon Nuwamba, kuma ƙungiyar masu ɗauke da makamai ta MUJAO aka ɗora wa alhaki. Cikin dare suka zo, cikin dare suka tafi. Yanzu a ce an ba mai zane takarda da safe, an ce ya zana abin da ya faru cikin sura ɗaya wadda za a gane da kallo ɗaya, me zai zana? Ba zai iya zana aƙida ba, ba zai iya zana hanyoyin fataucin makamai da suka buɗe bayan faɗuwar Gaddafi a 2011 ba, ba zai iya zana cinikin kuɗin fansa ba. Tilas ya ari fuska da tufa daga wani wuri, mafi sauƙin abin ara kuwa shi ne rawani da gemu da ɗangalallen wando.

Wannan ita ce kinaya a aikin zane, a ambaci tufa ana nufin mai ita, kuma ita ce dabara mafi ƙarfi da mafi haɗari cikin dukan dabarun, domin abin da aka ara yana da masu shi na asali, waɗanda ba a shawarce su ba. Wanda ya shiga kasuwar Dakwaro ya ƙirga masu rawani zai sami Buzu mai raƙumi, da limamin unguwa, da mai gari, da tsohon da ke kare fuskarsa daga ƙura. Wanda ya ƙirga masu gemu zai sami rabin sahun farko na kowane masallaci. In aka zana rawani riƙe da bindiga sau ɗaya, labari ne aka bayar. In aka zana shi sau ɗari, a jaridu ɗari, cikin shekara goma, sai ƙiyasi ya kafu a zukatan masu kallo ba da sun sani ba, har rawanin kansa ya soma ba da tsoro ko babu bindiga, askarin da ke tsaron shinge kuma ya fi daɗewa kan takardun mai rawani bisa na mai hula. Ƙarshen wannan hanya shi ne abin da jaridar Jyllands-Posten ta ƙasar Denmark ta buga ran 30 ga Satumba 2005, inda ɗaya daga zanukan ɓatancin da aka yi ga Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya narkar da rawani da bam suka zama abu guda. A nan mai zanen ya wuce ɗan ta'adda, ya tuhumi addini ɗungum da mabiyansa fiye da miliyan dubu, ba tare da ya furta kalma guda da za a kama shi da ita ba. A Fabrairu 2006 fushin wannan zane ya ci rayuka a Maiduguri, waɗanda suka mutu kuwa ba ɗayansu da ya san hanyar Denmark.

Akwai wata fuska da ake ara wadda ta fi kusa da Mai Yara bisa wannan, a kanta kuma nake so in daɗe. Tun da 'yan bindiga suka addabi Zamfara da Katsina da Sakkwato, har a 2019 dubban mutane suka tsallako iyaka suka fake a ƙasar Gidan Rumji da Madarumfa, sai wata sura ta yawaita a jaridun kudancin Najeriya da shafukan Facebook: siririn mutum mai malfa, sanda a gicciye bisa kafaɗa, saniya a bayansa, bindiga ƙirar AK a rataye inda goran ruwa ya kamata ya kasance. Ba wanda zai yi musun cewa cikin 'yan bindigar dajin akwai Fulani da yawa, ɓoye wannan kuma ba gaskiya ba ne. Amma surar ba ta ce waɗansu ba, domin alƙalamin zane ba shi da hanyar rubuta waɗansu. Malfa da sanda na kowane makiyayi ne, har da wanda 'yan bindigar nan suka kore masa garke kaf, har da wanda aka sace ɗansa ya sayar da sauran shanunsa ya biya fansa. Ƙasar Dakwaro kuwa mahaɗa ce, domin iyakar da dokar 1961 ta shata tsakanin ƙasar noma da ƙasar kiwo ta ratsa ta wajen kwarin Tarka, kowace shekara kuma bayan an cire amfanin gona garkuna suna gangarowa kudu ta burtalai, su bi gefen gonakin garuruwa irin su Mai Yara, su sha a rijiyoyinsu, su bar musu taki. Tsakanin manomi da makiyayi a nan akwai ciniki da amana da wasan barkwanci na kaka da kakanni, akwai kuma rigimar ɓarna wadda ba ta ƙarewa, wadda mai gari da ardo suke kashewa da diyya. Surar da ke koya wa manomi cewa duk mai malfa ɗan ta'adda ne tana cire rigimar daga hannun mai gari da ardo, ta mayar da ita yaƙi.

Jihar Maraɗi ta riga ta ga abin da ke faruwa in mutane suka daina ganin mutum suka koma ganin jinsi. A Oktoba 1991, ana tsakiyar babban taron ƙasa a Yamai, rigimar manoma da makiyaya a Toda, cikin ƙasar Gidan Rumji, ta ƙare da kisan Fulani fiye da 100, galibinsu mata da yara. Babu jarida a wannan ta'asa, babu zane, surar da ke cikin zukata ita kaɗai ta isa. Abin tsoron shi ne a zo a ƙara mata alƙalami da na'ura mai yaɗawa. A Ruwanda an yi hakan. Jaridar Kangura, wadda Hassan Ngeze ya soma bugawa a 1990, ta shekara huɗu tana siffanta 'yan Tutsi da kyankyasai da macizai, da rubutu da zane, kafin kisan ƙare dangi na 1994 wanda ya ci mutum wajen 800,000; a Disamba 2003 kotun duniya da ke zama a Arusha ta sami Ngeze da laifi. Isti'arar dabba tana da wani hukunci a ɓoye cikinta wanda ba a furtawa, domin mutum ana kai shi gaban alƙali, ana jin ta bakinsa, amma maciji da ɓera ba wanda ke tambayarsu hujja.

Wannan isti'ara ita ce ta dawo mana a ƙarshen 2022 da farkon 2023, cikin waɗansu gajerun finafinan zane masu motsi da suka bazu a wayoyin Sahel. A ɗaya an nuna wani ƙaton ɓera, an sa masa suna Emmanuel, irin sunan shugaban Faransa na lokacin, yana cinye abincin wani magidanci baƙar fata yana ƙara ƙiba, har wani farin soja mai alamar Wagner, watau sojojin hayar Rasha, ya zo da guduma ya kashe shi. A wani an nuna ƙwarangwal sanye da hulunan sojan Faransa da wani ƙaton maciji suna afka wa sojan Mali da na Burkina Faso, sai sojan Rasha ya sauko daga sama ya taimake su. Ba wanda ya sa hannu a kansu. Gwanintar da ke cikinsu ita ce ba su bukatar harshe, Bahaushe da Bazabarme da Babarbare duk karatu ɗaya za su yi musu, sa'an nan sun kafu a kan ciwo na gaskiya. Mutanen wannan ƙasa ba su manta ayarin hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine na 1899 ba, wanda ya ƙone Birnin Ƙonni ya bi garuruwa yana kisa har sojojinsu suka kashe su wajen Maijirgi a ƙasar Tasawa. Ba su manta cewa an shekara hamsin ana haƙar yuraniyom a Arlit alhali ƙauyukansu suna kwana cikin duhu ba. Amma mai hankali zai lura da abin da aka cire daga labarin: ɗan ta'addan da ke ƙone ƙauyuka ya ɓace gaba ɗaya, an sa wani maƙiyi a gurbinsa, ɗan Afirka kuma a duka finafinan ba ya tsira sai wani baƙo ya zo ya cece shi. Gudumar nan ma alama ce da mayaƙan Wagner suka yi suna da ita wajen kisan gilla. Kada kuma a zaci ɓangare ɗaya ne ke wannan sana'a, domin a Disamba 2020 kamfanin Facebook ya rufe shafukan ƙarya na ƙungiyoyi masu alaƙa da Rasha, da waɗansu masu alaƙa da mutanen rundunar sojan Faransa, waɗanda suke shigar burtu da sunayen 'yan Afirka suna yaƙar juna a gaban masu karatu na Afirka ta Tsakiya da Mali da maƙwabtansu.

Abin da ya faru a Janairu 2015 kuwa ya isa babi shi kaɗai, amma ga abin da ya shafe mu a nan. Ran 7 ga wata 'yan bindiga suka kashe mutum 12 a harin ofishin jaridar Charlie Hebdo a Paris. Ran 11 shugaba Mahamadu Isufu ya shiga jerin gwanon shugabanni a can. Ran 14 jaridar ta sake fitowa da zanen Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, a bangonta. Ran Juma'a 16 Damagaram ta kama da wuta, aka ƙone cibiyar al'adun Faransa da majami'u, kashegari Yamai ta bi, har wutar ta taɓa Maraɗi da Gure. Mutum 10 suka mutu, majami'u 45 hukuma ta ƙirga an ƙone a Yamai kaɗai. Ni dai hukuncina a kan wannan a fili yake: zanen cin mutunci ne, ciwon da musulmi suka ji kuma na gaskiya ne, kisan masu zanen ta'addanci ne, ƙone ɗakin ibadar maƙwabci Kirista, wanda bai zana ba bai buga ba bai ma gani ba, zalunci ne wanda shari'a ba ta ba kowa izninsa ba. Masu ƙonawar sun aikata daidai laifin da suke kuka da shi, domin kamar yadda mai zane ya ari fuskar musulmi duka ya ba ɗan ta'adda, haka su ma suka ari fuskar Kiristan Damagaram suka ba mai zanen Paris. Mako uku bayan haka, ran 6 ga Fabrairu, Boko Haram ta afka wa Boso da Difa, maƙiyi na haƙiƙa ya iso ya tarar da ƙasa tana jinyar raunin da ta yi wa kanta.

Akwai kuma darasi na fasaha cikin aikin jaridar Charlie Hebdo. A Oktoba 2014, wata shida bayan sace 'yan mata 276 daga makarantar Cibok, ta buga a bangonta surar 'yan matan da Boko Haram ta kama, da ciki tulu-tulu, suna ihun kada a taɓa musu kuɗin tallafin iyali. Masu kare ta suka ce gatse ne, wai 'yan siyasar Faransa masu zargin baƙi da cin kuɗin gwamnati ake yi wa ba'a. Ko da an karɓi wannan uzuri, gatse ba ya tsallake iyaka, domin yana dogara ga abin da mai zane da mai kallo suka sani tare. In surar ta bar Paris ta iso Borno ko Maraɗi, sai gatsen ya zube a hanya, abin da ya rage shi ne 'ya'yan mutane da aka yi wa fyaɗe an mayar da su abin dariya.

Da na tsaya a nan da na zalunci wannan sana'a, domin alƙalamin da ke iya nuna talaka da yatsa shi ne kuma ke iya nuna mai mulki, a nan ne ma amfaninsa yake. Masu zane irin su Mustapha Bulama na jaridar Daily Trust a Abuja da Mike Asukwo na BusinessDay a Legas, waɗanda ke sa sunansu a ƙarƙashin kowane aiki, sun fi amfani da dabarar muƙabala, watau a ajiye abu biyu gefe da gefe a bar mai kallo ya yanke hukunci da kansa: maganar da hukuma ta faɗa a sama, abin da ke faruwa a ƙasa, babban mutum cikin ayarin motoci da masu gadi, ƙaramin mutum shi kaɗai a gona. Tun da shugaba Buhari ya ce a Disamba 2015 an ci ƙarfin Boko Haram, maganar ta zama abin da ake auna kowane sabon hari da ita. Kayan aikin irin wannan zane kuwa ba su ƙaranci a ƙasashenmu. A Najeriya an gurfanar da Sambo Dasuki, tsohon mai ba shugaba shawara kan tsaro, bisa tuhumar karkatar da kuɗin makamai wajen dala miliyan dubu biyu. A Nijar an kashe sojoji 71 a Inates ran 10 ga Disamba 2019, aka kashe 89 a Shinagodar ran 9 ga Janairu 2020, cikin wannan shekara kuma binciken ma'aikatar tsaro ya fito da maganar wajen sefa miliyan dubu 76 da suka salwanta ta hanyar ƙarin farashi da kayan da aka biya ba a kawo ba. Uban da ɗansa ke bakin daga, ko daga Mai Yara yake ko daga Tilaberi, ba zai karanta rahoton bincike ba, amma in aka zana masa soja da bindiga marar harsashi a gefe ɗaya, ɗan kwangila da sabon bene a ɗaya gefen, ya fahimci rahoton duka, kuma abin da ya fahimta gaskiya ne. Mubalagar da ke cikin irin wannan zane tana kumbura laifin da ya tabbata a kan mai shi, ba ta ɗauke shi ta ɗora wa dangi.

Mafi tsarkin dabara da na sani ita ce ta Naji al-Ali, Bafalasɗine, wanda tun 1969 yake sa wani yaro ɗan shekara goma mai suna Hanzala a cikin zanensa, ba takalmi, tufa duk faci, daga baya kuma ya juya masa baya ga mai kallo, hannuwa a harɗe a baya. Da yake ba a ganin fuskar yaron, sai mai kallo ya tsaya a bayansa ya ga abin da yake gani, ya zama shaida maimakon mai farauta. Mai zanen bai bar Isra'ila ba, bai kuma bar shugabannin Larabawa ba, a 1987 aka harbe shi a titin London ya rasu.

Irin wannan zane mai duban sama shi ne hukumomi suka fi ƙi, kuma hujjarsu kullum ita ce tsaron ƙasa. A Nuwamba 2019, da sojojin Faransa 13 suka mutu a karon jirage masu saukar ungulu biyu a Mali, Charlie Hebdo ta ɗauki kalmomin tallar ɗaukar sojoji ta haɗa su da akwatunan gawa, har Janar Thierry Burkhard, shugaban rundunar sojan ƙasa ta Faransa a lokacin, ya rubuta wasiƙar nuna ɓacin rai. Can abin ya tsaya ga wasiƙa. A Nijar, inda jaridu masu zaman kansu suka soma da Haske a 1990, masu barkwanci irin su Le Canard Déchaîné suka biyo baya, an sha kai masu jarida kurkuku a ƙarƙashin gwamnatoci dabam-dabam. A Yuni 2024 hukumomin soja suka mayar da hukuncin ɗauri cikin dokar laifukan intanet ta 2019, har shekara 2 zuwa 5 ga wanda ya yaɗa abin da aka ga zai iya dagula zaman jama'a, wannan kuwa yana iya hawa kan saurayin ƙauye da ya tura hoto kamar yadda yake hawa kan ɗan jaridar Yamai. Hujjar hukuma ba ta rasa gaskiya ɗungum ba, domin ƙasar da ke yaƙi tana da asiran da ba a tonawa, sojan da ke bakin daga kuma yana da hakkin kada a mayar da mutuwarsa abin wasa. Amma doka mai faɗi irin wannan mai sa hannu kaɗai take kamawa, domin shi aka san gidansa. Mai ɓera da maciji, da mai malfa da bindiga, waɗanda ba su da suna ba su da gari, suna ci gaba da shigowa ba mai tare su. Sakamakon shi ne a rufe bakin wanda za a iya yi wa raddi, a bar fili ga wanda ba a iya kamawa.

Abin da ya rage a hannun mai kallo shi ne ilmin da malamanmu na zaure suka riga suka mallaka, ko da yake ba su saba kai shi nan ba. Masana hadisi ba su karɓar matani sai sun binciki isnadi, wa ya faɗa, daga wa ya ji, mene ne halinsa, Suratul Hujurat kuma ta yi umurni da a yi bincike in wanda ba a amince da shi ba ya kawo labari, ta kuma hana wasu mutane su yi wa wasu izgili. Manomin Mai Yara ma ba ya sayen sa a kasuwa sai dillalin da ya sani ya tsaya masa cewa ba na sata ba ne. Zanen Bulama yana da isnadi, akwai suna, akwai jarida, akwai rana, in ya yi ƙarya akwai inda za a kai ƙara; fim ɗin ɓera isnadinsa yankakke ne tun daga tushe, duk kyan sana'arsa kuwa ƙarin dalilin tuhuma ne, domin irin wannan aiki kuɗi yake ci, wani ne kuma ya biya. Bayan isnadi sai a koma ga matani, a tambayi surar fuskar wa ta ara, a duba ko mai wannan fuska yana cikin waɗanda za a haɗu da su gobe a bakin rijiya. Limamin da ke karantar da Arba'una bayan magariba, da malamin lakwal, da mai gabatar da shiri a rediyon karkara, kowannensu yana iya ɗaukar sura guda daga wayar ɗalibinsa ya warware ta a gaban jama'a kamar yadda ake warware baiti, ya nuna ina kinaya take, ina mubalaga, me aka sa, me aka cire. Waƙoƙin da mawaƙanmu suka yi wa sojoji da 'yan bindiga, waɗanda su ma ta wayar nan suke yawo, suna da nasu dabarun dabam, su ne kuma za mu duba a babi na gaba.